RANAR DA MUKA RAKA YAYA TSEREN BABUR

'Yan uwana, ban taɓa zaton magidanci mai shekara 47, da furfura a gemu da 'ya'ya uku, zai ce shi tseren babur zai fara ba, sai da na je hutu wajen Antina a Landan. Mijinta ne kuwa. Na tarar wata biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su, don ita a ganinta marayu yake so ya mayar mata da 'ya'ya. Ranar tserensa na farko ta rantse ba inda za ta, amma da asuba muna shirin fita sai ga ta da mayafinta, ta shige mota ba ta ce uffan ba.

Filin sunansa Brands Hatch, yana yankin Kent, kimanin mil 20 daga Landan. A cikin kwari yake, tudu ya kewaye shi kamar akushi, in kin tsaya daga sama kusan duk zagayen kina gani. Gajeren zagayen mil 1.2 ne kacal. Da can filin ciyawa ne, sai a 1950 aka zuba masa kwalta, manyan motocin tseren duniya ma sun fafata a nan har zuwa 1986.

Ni fa na ɗauka samari zan gani 'yan ƙarya. Ina! Yawancinsu sa'o'in Yaya ne, wani mai gyaran famfo, wani malamin makaranta, har da mata. Ƙungiyar tasu ana ce mata Bemsee, tun 1909 aka kafa ta. A motocinsu suka kwana, ga yara na guje-guje, ga tayoyi an lulluɓe da bargon lantarki wai don su yi ɗumi su kama kwalta. Kuma ba kuɗi ake ci ba, kai ne ma za ka biya. Wanda ya zo na ɗaya ɗan kofi zai ɗauka ya tafi gida.

Kafin a bar Yaya ya hau sai da aka bincike babur ɗin ƙwaf, aka duba hular kwano da rigar fatar da ta rufe shi daga wuya har idon sawu. Babu madubi, babu lamba irin ta titi. Sannan ya ɗora wata falmaran ruwan lemo, alamar sabon shiga, don gwanaye su san da shi. Shekara guda ya yi yana zuwa koyo kafin ranar nan. Duk da haka da Anti ta hango motar asibiti a gefe tana jira, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Aka saki babura. Wai! Ƙarar har cikin ƙirjina. Kwanar farko, Paddock Hill, ita ce abin tsoro, don mutum yana karya kwana ne titin kuma yana gangarewa ƙasa kamar rijiya. A zagaye na uku wani ya zame, shi da babur suka yi cikin tsakuwa, ƙura ta tashi, aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Anti ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ba shi ba ne. Mutumin ma ya miƙe yana ɗingishi.

Yaya dai shi ya zo na biyun ƙarshe. Ya cire hula gumi sharkaf, yana dariya kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla, hannunsa na ta karkarwa ya kasa riƙe kofin shayi. Anti ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓe kofin.

"Baban yara, da wannan rawar hannun ka tuƙa shi?"

"Da ita."

Ta ja tsaki, ta kai masa kofin baki. Can ta ce, "To na gaba ƙarfe nawa ne?"