Farar Zinariya Ta Soma Narkewa a Tsaunukan Turai

Daga cikin al'adun Turawa da ke ba baƙo mamaki, da wuya a sami wadda ta kai ta hutun hunturu. Sa'ad da sanyi ya kai maƙura, har ruwa ya daskare a cikin famfo, maimakon mutum ya nemi ɗaki mai ɗumi ya lafe, sai ya kwashi iyalinsa, ya biya kuɗi masu ciwo, ya nufi inda sanyin ya fi tsanani, watau tsaunukan Alps waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Can zai ɗaura wa ƙafafunsa waɗansu dogayen alluna biyu sirara, ya riƙe sanda a kowane hannu, wata kujera mai tafiya a jikin waya ta haura da shi bisa dutse, sa'an nan ya sulalo a kan dusar ƙanƙara har gindin dutsen. In ya iso sai ya sake hawa. Haka zai wuni, haka kuma zai yi kwana shida, in Allah ya tsare shi daga karaya. Wannan shi ne wasan zamiya, wanda su can suke kira ski.

Mai karatu zai yi tsammanin mutanen tsaunin ne suka fi kowa murna da wannan dusa tun fil azal. Ko kusa. A zamanin kakanninsu dusar ƙanƙara annoba ce. Da zarar ta rufe hanyoyi a watan Nuwamba ko Disamba, ba noma, ba kiwo, shanu suna kulle a ƙarƙashin ɗaki suna cin busasshiyar ciyawa, mutane suna kwana kusa da su don neman ɗumi. Mazan ƙasar Savoie, a gabashin Faransa, cin rani suke tafiya kamar yadda aka sani a ƙasar Hausa, sai dai su sanyi ne ke korarsu. Waɗansu su yi dako a Faris da Liyon, waɗansu su yi koli, yara ƙanana kuwa a tafi da su sharar bututun hayaƙin gidajen masu kuɗi, domin su ne jikinsu ke iya shiga. Kalmar nan shale, wadda yau ake kiran gidajen hutu da ita, asalinta bukkar katako ce ta makiyayi, inda yakan zauna da shanunsa a kan tudu lokacin da ciyawa ta fito, yana tatsa yana yin cuku. A taƙaice dai mashekari ce.

Ingilishi ne suka juya al'amarin. Ana ba da labari cewa a shekarar 1864 wani mai otel a garin St. Moritz na Suwizalan, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka tarar da rana tana haskawa a kan farar ƙasa alhali Landan tana cikin hazo da hayaƙi, suka ƙi tafiya sai da sanyi ya wuce. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix, a gindin Mont Blanc mai tsawon mita 4,800 da 'yan kai. A 1938 wani Baturen Biritaniya, Peter Lindsay, ya kafa wurin hutu na Méribel. Bayan yaƙin duniya na biyu hukuma da kanta ta shigo, aka soma gina Courchevel a 1946, kana daga 1964 zuwa 1977 gwamnatin Faransa ta bi wani shiri na musamman na gina sababbin garuruwa a kan tuddan da dā ba mai kwana cikinsu da hunturu. Val Thorens, wanda ke mita 2,300 sama da teku, ɗaya ne daga cikinsu. Shi da Méribel da Courchevel an haɗe su da wayoyi, har hanyoyin zamiyarsu suka kai kilomita 600. Jikan mai sharar bututu ya zama mai otel, ko malamin koyar da zamiya, kuma dusar da ta kori kakansa ya raɗa mata suna farar zinariya.

Sai cin ranin ya juya baya. Yanzu samari da 'yan mata ne ke barin Ingila su hau tsauni neman aiki daga Disamba zuwa Afrilu, kuma a nan ne ake samun wani irin masauki wanda Ingilishi suka ƙago suka kuma fi kowa so. Tun a 1932 wata 'yar Ostiriya mai suna Erna Low ta soma tara Ingilishi ƙungiya ƙungiya tana kai su wasan zamiya a ƙasarsu, daga baya kamfanoni suka mai da abin sana'a. Kamfani zai kama hayar shale na tsawon hunturu, ya zuba baƙi takwas ko goma sha biyu a ciki, sau da yawa ba su ma san juna ba, ya ajiye musu yarinya ko yaro ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, wanda zai zama shi ne kuku, shi ne boyi, shi ne mai gida.

Aikin wannan yarinya ya cancanci a tsaya a dube shi, domin mai hutu ba ya cika ganinsa. Tun duhun asuba take tashi ta karɓo burodi mai zafi, ta dafa ƙwai da kunun hatsi, ta haɗa shayi da gahawa. Baƙi suna fita sai ta gasa kek ta ajiye a kan tebur saboda la'asar, ta gyara gadaje, ta wanke makewayi, ta share. In ta yi sauri za ta sami awa uku ko huɗu ta je ta yi tata zamiyar, wadda ita ce dalilin zuwanta. Kafin magariba ta dawo ta ɗora abincin dare kala uku ko huɗu, ta zauna ta ci tare da baƙin tana yi musu fara'a, ga giyar inabi kyauta, sa'an nan ta bi da wanke-wanke. Ran Asabar, ranar da tsofaffin baƙi ke tashi sababbi ke sauka, ba zamiya ba hutu. Ladanta ɗan abin kashewa ne, sai wurin kwana, da abinci, da tikitin hawa waya.

Ko girkin ma tsauni bai bar shi haka nan ba. A Val Thorens ruwa yana tafasa a kusan digiri 92 maimakon 100, saboda iska ba ta da nauyi a can, don haka dankali da taliya sai sun daɗe a wuta. Kek kuwa yakan kumbura da wuri ya faɗa a tsakiya. Maganin da masu aikin suka gada daga juna shi ne kek ɗin kindirmo, wanda ake auna garin da sukarin da man da robar kindirmon kanta, kamar mai awo da mudu. Dare ɗaya a mako, yanzu ma biyu a wurare da yawa, yarinyar takan huta, baƙi su fita gari su ci narkakken cuku da burodi ko da dankali, abincin da talakan tsauni ya ci don dole, yau ake sayar da shi da tsada.

Wannan tsari ya sha duka tun daga Janairun 2021, bayan da Biritaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai. Ɗan Ingila ba ya da ikon yin aiki a Faransa sai da takardar izini, hukumomin Faransa kuma dama sun matsa a riƙa biyan ma'aikatan albashin da dokar ƙasa ta tanada. Kamfanoni da dama suka rage gidaje, kuɗin hutun ya hau. Ba abin kuka ba ne sosai. Arhar da baƙo ya daɗe yana mora, gumin wata ne ya biya ta.

Amma fa duk iya girkin yarinyar nan, akwai abu ɗaya da ba ta iya ɗorawa a kan tebur, shi ne kuwa abin da baƙon ya zo dominsa. Kowace safiya, kafin a sha shayi, sai an duba rahoton dusa: kaurinta santimita nawa ne a gindin dutse, nawa ne a ƙoli, yaushe ta zuba ta ƙarshe, wayoyi nawa ne ke aiki. Wadda ta zuba cikin dare da sanyi mai tsanani laushi gare ta kamar garin alkama, ita ce ake rububi. Wadda rana ta taɓa ta sake daskarewa takan zama kamar gilashi. Ta ƙarshen hunturu da yamma jagwab take, tana kama ƙafa. A ƙasan rahoton akwai lamba daga 1 zuwa 5 mai nuna haɗarin zaftarewa, kuma wanda ya san tarihi ba ya raina ta. Ran 10 ga Fabrairu, 1970, dusa ta zaftaro a kan wani masaukin matasa a Val d'Isère ana cikin karin kumallo, mutum 39 suka halaka. A Fabrairun 1999 wata ta kashe 31 a Galtür ta Ostiriya.

Dā tsoron yawanta ake yi. Yau rashinta ya fi hana mutanen tsauni barci. Zafin Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya zarce abin da duniya gaba ɗaya ta ƙaru da shi, kuma bambancin digiri ɗaya ko biyu shi ne ke raba dusa da ruwan sama. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar da ta shekara dubbai a kan tsaunukan Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin 100 na jikinta. Ranar 1 ga Janairu, 2023, zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na ƙasar, a tsakiyar hunturu, masu hutu suka riƙa sulalowa a kan siririn farin layi, dama da hagu kuwa ciyawa ce da taɓo. Har Sahara ma tana da hannu. A Fabrairun 2021 da Maris ɗin 2022 iska ta kwaso ƙura daga arewacin hamadar ta tsallake Bahar Rum da ita ta zuba a kan tsaunukan, dusa ta koma ja-ja-ja. Dusa mai datti kuwa ta fi shan zafin rana, ta fi saurin narkewa.

Bature ba ya zama ya naɗe hannu. Tun a 1950 aka ƙago injin yin dusa a Amurka, wanda ke fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin dare, ɗigon ya daskare kafin ya faɗo. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya a Italiya da injin suka dogara, gasar Olamfik ta Beijin a 2022 ma kusan dukkanta a kan dusar inji aka yi ta. To, amma injin yana da sharuɗɗansa. Sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili kafin ya yi aiki, yana shan lantarki, yana shan ruwa, domin mita ɗaya mai fuska shida ta ruwa dusar mita biyu kawai take bayarwa. Sai an haƙa tafkuna a kan tudu, kuma a nan rigima ke tashi. A La Clusaz an shirya haƙa tafki mai cin mita 148,000, masu kare daji suka tare a wurin, kotun Grenoble ta dakatar da aikin a Oktoban 2022. A Fabrairun 2020 kuwa, a Luchon-Superbagnères da ke tsaunukan Pyrénées, jirgi mai saukar ungulu aka ɗauka ya yi jigilar dusa wajen tan 50 daga ƙoli zuwa inda yara ke koyo. Ministar muhalli ta lokacin, Élisabeth Borne, ta yi tir da abin. Masu wurin suka ce ayyukan mutane suke ceto. Kowanensu yana da gaskiyarsa, sai dai ƙona mai don a ɗauko dusar da ƙona mai ya narkar, kamar ɗinke riga ne da zaren da aka zare daga jikinta.

Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a Turai, ya gano cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin rashin dusa in ba inji, in ya kai digiri 4 kuwa kashi 98 ne. Kotun binciken kuɗi ta Faransa ta faɗi tata a Fabrairun 2024, cewa tsarin ya gaji, kuma wurare kaɗan ne ke da begen ci gaba bayan 2050.

Wa zai ji a jikinsa? Ba mai hutu ba ne. Shi in Méribel ta yi taɓo sai ya haura Val Thorens, in Turai ta gagara ya tafi Kanada ko Japan. Yarinyar shale ma hunturu ɗaya ko biyu take yi ta koma jami'a. Manyan wuraren da ke can ƙoli sai ma ƙara cika suke yi, suna ƙara kuɗin tikiti. Wanda ruwa ya ci shi ne ƙaramin ƙauyen da ke ƙasa da mita 1,500, wanda ya rage shanu ya ci bashi ya kafa waya, wanda makarantarsa da kantin burodinsa da likitansa duk a kan wata huɗu na dusa suke tsaye. Waɗannan ƙananan wurare su ne kuma inda ɗan talakan yankin ke koyon zamiya da kuɗi kaɗan, don haka in sun rufe, wasan zai koma hannun masu hali kamar yadda ya faro a otel ɗin Badrutt.

La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, yana cikin waɗanda suka riga suka sallama. Dā akan yi zamiya a can daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Maris. A hunturunsa na ƙarshe dusa ba ta wuce mako huɗu ba, duwatsu suka leƙo a kan hanya, hasarar shekara kuma ta doshi yuro 500,000, wadda ƙaramar hukuma ke biya daga harajin jama'a. A 2023 majalisar garin ta kaɗa ƙuri'a cewa a rufe wurin, a kwance wayoyin.