Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya

Mu mutanen Unguwar Gano mun saba da jiniyar motar asibiti, domin kuwa titin Zariya kusa da mu yake. Ko da yake an hana acaɓa a Kano tun 2013, masu baburan kansu suna nan birjik, kuma kaɗan ne ke sa hular kwano. Yayana yana cikin marasa sawa. Wata ranar Laraba da magariba mota ta buge shi wajen Gyaɗi-Gyaɗi, jini ya taru cikin ƙoƙon kansa, aka yi masa aiki a daren.

Bayan aikin aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, aka zura masa bututu ta baki har maƙoshi, na'ura tana yi masa numfashi. Muka yi hamdala, muna zaton an wuce wurin. Rana ta huɗu sai zazzaɓi ya rufe shi, majina mai kauri tana fitowa ta bututun. Likita ya ce nimoniya ce, watau ciwon huhu.

Umma ta dube ni ta ce, "Kai da kake karatun Hausa, faɗa mini, yaya ciwon kai zai koma ƙirji? Ko sanyin ɗakin ne?" Na rasa amsa, sai na tambayi wata ma'aikaciyar jinya.

Ashe ba sanyi ba ne. Mai lafiya yakan yi tari ya haɗiye yawu, da haka yake tsare huhunsa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu kuwa ba ya iya ko ɗaya, ga bututu ya bar ƙofa a buɗe. Yawu mai ɗauke da ƙwayoyin cuta sai ya riƙa silalewa ta gefen bututun zuwa huhu. Irin wannan ciwo yakan bayyana bayan sa'a 48 da sa bututu, kuma zazzaɓi da ƙarancin iska suna ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni. Saboda haka ne ake ɗaga kan gado, a goge bakin majiyyaci, a zuƙe majina, sa'an nan duk mai taɓa shi ya wanke hannu.

Da na mayar wa Umma wannan bayani, ta yi shiru, can ta ce, "To, a gaya wa dangi su dakata da dubiya." Wannan magana ba ƙarama ba ce a gidan Bahaushe, inda rashin zuwa dubiya kan ɓata zumunci. Wasu sun ji haushi, har da kawunmu na Tarauni, amma ba ta janye ba.

Bayan kwanaki ana ba shi magani, zazzaɓin ya sauka, aka cire bututun. Abin da Yaya ya fara yi shi ne tari. Ban taɓa sanin tari ni'ima ba ne sai a ranar, da na ga Umma ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah.