Kwana Huɗu a Kan Keken Burji a Gaɓar Tekun Cornwall

Ranar da wani abokin aikina Bature ya nuna mini kekensa, ya kuma faɗa mini kuɗin da ya saye shi, sai da na yi salati a zuci. Abin da ya fi kuɗin ɗaure mini kai shi ne dalilin sayen: wai don ya guje wa kwalta, ya riƙa bin burji da turbar gonaki. Ni kuwa na tashi ne a wani ƙauye kusa da Barikin Ladi, inda duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a alƙawarinsa na farko shi ne kwalta. Mahaifina ya shekara talatin yana tuƙa tsohon Raleigh a kan burji, kuma ban taɓa jin ya kira wannan wahala shaƙatawa ba.

Aikin bincike na wata uku ne ya kai ni Cornwall, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, domin fannina ilimin duwatsu da ma'adinai ne. Kafin in dawo, abokin nan ya matsa mini har na yarda ya aro mini keke irin nasa. Na raɗa masa suna keken burji. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, amma tayoyinsa sun fi faɗi, kimanin milimita 40, masu ƙananan haƙora da ke kama tsakuwa, ga giya mai sauƙi ta hawan tudu. A Amurka wannan yayi ya bunƙasa. Wani tseren mil 200 da aka fara a garin Emporia na jihar Kansas a 2006 da mutum 34 kacal, yau dubbai ke shigarsa.

Hanyar da muka bi sunanta West Kernow Way, wadda ƙungiyar Cycling UK ta buɗe a 2021. Tsawonta kimanin kilomita 230 ne, tana tashi daga garin Penzance ta kewayo ta dawo can. Ba wata sabuwar hanya aka gina ba. Tsofaffin turbobin dawaki, da lungunan ƙauye, da hanyoyin taragon ma'adinai aka ɗinke wuri guda aka zana a taswira. Yanzu kana cikin wata siririyar hanya da ganuwar dutse da ciyawa suka rufe hagu da dama, kana jin warin kashin shanu. An jima ka haura tudu sai ga Tekun Atilantika a ƙarƙashinka, iska na neman ƙwace maka kan keke. A inuwar irin wannan ganuwa na yi sallar Azahar a rana ta farko, ƙafafuna suna rawa don gajiya.

A Botallack na fi daɗewa a tsaye. Gine-ginen injinan haƙar kuza na nan a liƙe a jikin dutse, igiyar ruwa na dukan gindinsu, ramukan kuma sun nutsa har ƙarƙashin teku. A nan kusa, a mahaƙar Levant, mutum 31 suka mutu rana guda a 1919, lokacin da injin da ke hawo da ma'aikata daga rami ya karye. Mahaƙar kuza ta ƙarshe a Cornwall an rufe ta a 1998, sannan a 2006 hukumar UNESCO ta sanya wuraren cikin kayan tarihin duniya. Na tuna mahaifina, wanda ya ci ƙuruciyarsa yana ɗaukar kwanon ƙasa a filin kuza, na tuna kududdufan da kamfanoni suka bar mana a Filato, waɗanda aka hana mu kusanta muna yara. Kuza ɗaya muka haƙa da mutanen nan, karyewar farashinta a 1985 ma tare ta same mu. Su sun mayar da kufansu wurin da baƙo ke zuwa ya kwana, ya ci abinci, ya bar kuɗi a ƙauye.

Darasin da ya fi zauna mini, kuskurena ne ya jawo shi. A rana ta biyu na yi gaba na bar abokina, na ga wata turba mai kyau da ta nufi bakin teku, na faɗa. Ban yi nisa ba wata dattijuwa mai sanda ta tare ni, cikin ladabi ta nuna mini wata 'yar kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke. Ashe wannan launi na masu tafiya a ƙasa ne kaɗai. Shuɗiyar kibiya ita ce ta mahaya doki, kuma tun 1968 doka ta bai wa mai keke izinin binta, da sharaɗin ya kauce wa mai ƙafa da mai doki. Na sauka na ba ta haƙuri, na tura kekena na koma, da digirina na uku da komai.

Da dare na tsare abokina da tambaya. Ya ce a Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000, kuma da yawansu ta tsakiyar gonakin mutane suka ratsa. Gonar ta manomi ce, wucewa kuma haƙƙin kowa ne. Wata doka ta 1949 ce ta wajabta wa hukumomin yankuna su zana hanyoyin a taswirar da kotu ke aiki da ita. Idan manomi ya yi huɗa ya shafe turbar da ta ratsa gonarsa, kwana 14 gare shi ya mayar da ita. Mai wucewa kuma kada ya bar turba, kuma ya bar ƙyauren shinge yadda ya same shi. Washegari sau da dama muka buɗe ƙyaure, muka ratsa garken shanu, muka rufe, manomi a kan tarakta ya ɗaga mana hannu.

Mai karatu ya riga ya san inda zuciyata ta tafi: burtali. Kakanninmu sun san wannan hikima tun kafin zuwan Bature. Sun bar hanya tsakanin gonaki, sun shinge ta da aduruku da cini-da-zugu, domin dabba ta wuce zuwa mashaya ba tare da ta taɓa dawar kowa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965. Amma burtalin da na sani ina yaro, wanda shanu biyar ke jerawa a cikinsa, yau da ƙyar mai babur ke kutsawa. Wannan ya ci taku ɗaya bana, wancan ya ci biyu baɗi, mai unguwa ya yi shiru, tsofaffin da suka san iyaka suna ta rasuwa. Ba na cewa toshe burtali ne kaɗai ya haifar da rikicin manoma da makiyaya, domin abin ya fi haka sarƙaƙiya. Amma hanyar da ba ta rubuce ko'ina sai a kan dattawa, ana binne ta ne tare da su.

A nan laifin ya zo kanmu, mu malaman jami'a. Kowace shekara muna tura ɗalibai su rubuta kundin da ƙura za ta ci a kan kanta. Da kowane sashen nazarin ƙasa zai ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, ɗalibai su hau keke da wayar da ke auna wuri, su zauna da dagaci da arɗo da manoma a zana burtalin da ya rage, da mun bar wa alƙalan gobe abin riƙewa. Mota ba ta shiga waɗannan wurare, kuma mai mota ba ya tsayawa a gaisa.

Mun ƙare tafiyar a Marazion da yamma, ruwan teku ya janye, hanyar dutse da ke kai mutum tsibirin St Michael's Mount ta fito fili. Da na dawo gida na sayi keke na hannu, na sa aka sauya masa taya. Ranar Asabar ta farko da na fita, wani ɗalibina ya tsaya da mota cikin damuwa ya ce, "Dakta, lafiya? Ko motar ce ta lalace?" Na ce masa lafiya lau, burtalin bayan gari zan dubo, idan yana da keke ya same ni Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba. Yanzu mu bakwai ne, kuma mun zana kilomita goma sha ɗaya.