LAIDEN: BIRNIN ILMI DA AJIYAR KAYAN TARIHI A ƘASAR HOLAN

Tsakanin Amstadam da birnin Heg, a yammacin ƙasar Holan, akwai wani tsohon gari mai suna Laiden. Bai kai waɗancan biyu girma ba, amma wajen ilmi da adana kayan tarihi da wuya a sami wanda ya fi shi a ƙasar. Daga Amstadam tafiyar minti 35 ce ko kusa da haka a jirgin ƙasa, kuma baƙo yana iya zaga yawancin wuraren da ƙafa.

Wanda ke son ya ga shimfiɗar garin, sai ya fara da hawa tudun da ake kira Burcht, watau wata tsohuwar ganuwa mai da'ira da aka gina bisa tulin ƙasa a inda rassa biyu na kogin Rayin suka haɗu. Daga can zai hangi magudanan ruwa sun ratsa unguwanni, ga manyan majami'u, ga kuma De Valk, injin niƙa mai aiki da iska wanda aka gina a 1743.

Darajar garin kuwa ta samo asali ne daga wahala. A 1574 sojojin Sifen suka yi masa ƙawanya wata da watanni, har yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, amma jama'a suka ƙi miƙa wuya. Daga ƙarshe aka fasa madatsun ruwa, ruwa ya malale karkara, jiragen agaji suka iso ran 3 ga watan Oktoba. Har yau a kan yi bikin wannan rana kowace shekara, a raba kifi da farin burodi. A 1575 Yarima Wiliyam na Oranj ya kafa jami'a a garin, wadda ita ce ta fari a Holan. An ce tukwici ne na jimirin da mutanen suka nuna.

Jami'ar ce ta jawo sauran abubuwan kallo. Lambunta na nazarin tsirrai an buɗe shi tun 1590, kuma yana nan. A 1613 aka naɗa farfesan Larabci, sa'an nan a 1665 wani jakadan Holan a Istambul, Levinus Warner, ya rasu ya bar wa jami'ar wasiyyar littattafan rubutun hannu wajen dubu na Larabci da Farisanci da Turkanci, waɗanda ya yi shekaru yana saye. Har yanzu malamai daga ƙasashe dabam dabam suna zuwa duba su.

A bakin magudanar Rapenburg kuma akwai gidan kayan tarihin mutanen dā, wanda aka kafa a 1818. Da shiga zauren farko, baƙo zai yi kiciɓis da wani ɗakin ibada na dutse, sukutum, daga ƙasar Masar. Sunansa Tafe, kuma ya kai shekara dubu biyu da ginawa. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Aswan, Holan tana cikin ƙasashen da suka taimaka aka ceto gine-ginen Nuba daga nutsewa. Don godiya sai Masar ta ba ta wannan gini kyauta, aka kwance shi dutse dutse, aka sake harhaɗa shi a Laiden.

To, amma ba duk abin da ya shigo garin ne ya zo ta hanyar ciniki ko kyauta ba. Gidan kayan al'adun duniya, wanda a yau ake kira Wereldmuseum, ya daɗe yana riƙe da kayan tagulla na masarautar Binin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe ganima a 1897, daga baya aka watsa su a kasuwannin Turai. Nijeriya ta nemi a dawo mata da su, Gwamnatin Holan ta bincika, ta amsa cewa lalle ƙwace ne. A watan Fabrairu na 2025 aka sa hannu a kan yarjejeniya a Laiden, a watan Yuni kuma aka yi bikin miƙa kaya 119 a Legas. Daga ciki 113 daga wannan gida suka fito, sauran shida daga birnin Rotadam.

Saboda haka ya kamata mai ziyara ya riƙa tsayawa yana karanta 'yar takardar da ke gefen kowane abu, ya ga daga ina ya fito, wa ya kawo shi, kuma ta wace hanya. Littattafan Warner saye ne, ɗakin Tafe kyauta ne, tagullar Binin kuwa ganima ce. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda aka karɓa da bakin bindiga.

Idan da sauran lokaci, sai a leƙa Lakenhal, tsohon zauren 'yan tufafi na 1640, inda ake nuna zane-zanen ƙuruciyar Rembrandt, shahararren mai zanen nan da aka haifa a garin a 1606.