Bamuda: Tsibirin da kowane gida ke shan ruwan rufinsa

Mai karatu, a wannan makon za mu leƙa wani tsibiri da ke tsakiyar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Amurka. Sunansa Bamuda, yana ƙarƙashin Birtaniya, babban birninsa Hamilton, mutanensa kuma ba su wuce 65,000 ba. Idan jirgi ya kusa sauka da kai, abin da idonka zai fara kamawa shi ne rufin gidaje. Bangaye launi-launi ne, wani shuɗi, wani rawaya, amma rufi duk fari fat, an yi shi hawa-hawa kamar matakala. Baƙo zai ɗauka ado ne. Mutanen wurin kuwa da wannan rufi suke sha, su yi girki, su yi wanka.

Bamuda ba ta da kogi ko ɗaya, ba ta da tafkin ruwan daɗi. Dutsen tsibirin mai kafofi ne, da an yi ruwa sai ya tsotse shi. Turawan Ingila da suka fara zama can a 1612 sun tarar teku ta kewaye su ta ko'ina amma ba na sha, don haka dole ta sa suka koma ga sama. Suka riƙa yanka dutsen fale-fale suna rufi da shi, suna shafe shi da farar ƙasa. Nauyin dutsen yana hana guguwa yaye rufin, farin yana rage zafin ɗaki, matakalar kuma tana rage gudun ruwa har ya gangara cikin indararo, ya bi bututu zuwa tankin da aka gina a ƙarƙashin gida.

Yau abin ya zama doka. Duk wanda zai yi gini sai ya tsara yadda kashi 80 cikin 100 na rufinsa zai tara ruwa, kuma girman tankinsa ya dace da faɗin rufin. Gida mai rufin murabba'in mita 100 yana buƙatar tankin da ya haura lita 30,000. Wanda tankinsa ya ƙafe sai ya sayi ruwan tanka da tsada, shi ya sa tun yaro yana ƙarami ake koya masa rufe famfo idan yana goge baki. Ruwan sama mai ƙarfi ma suna da sunan da suke kiransa: ruwan tanki.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne yadda suke kula da rufin. Suna wanke shi, suna sabunta fentinsa, suna sare rassan da suka rufa a kansa, suna sa raga a bakin bututu, suna kwashe laka daga tanki. Sun san duk abin da ya faɗa kan rufi, cikin 'ya'yansu zai ƙare.

To, mu ma a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja, da hadari ya haɗo sai ka ga an fito da bokiti da baho da duro an jera ƙarƙashin kwano. Bambancinmu da Bamuda shi ne su ruwa yana sauka musu kusan duk shekara, mu kuwa muna da rani. Amma lissafin ɗaya ne: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. Rufin murabba'in mita 100 idan aka yi ruwan milimita 20 zai zubo lita 2,000. Ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 1,600, wato jarka 64 mai cin lita 25. Uwargida, ki lissafa nawa 'yan ga-ruwa ke karɓa a kan jarka ɗaya a unguwarku, sai ki ga kuɗin da ke bin kwata duk damina.

Sai dai tara ruwa daban, tara lafiyayyen ruwa daban. Kwanon rufinmu yana kwasar ƙura, kashin tsuntsaye da na ƙadangare, da hayaƙin janareta. Saboda haka ruwan farkon damina da na mintunan farko na kowane ruwa a bar shi ya wanke rufi, ko a tare shi don shara da ban-ruwan shuka. Kada a tara ruwa a duron da aka taɓa zuba sinadari, maganin ƙwari ko man fetur, komai wankin da aka yi masa. Kowane mazubi ya samu murfi, bakin da ruwa ke shiga kuma a ɗaure shi da raga, domin sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi a irin wannan ruwa mai tsabta yake ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo.

Ruwan da za a sha kuma, komai haskensa, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa masa sinadarin kulorin na tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba, a jira minti 30. Alum yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifod. Wannan ya fi zama wajibi idan za a dama madarar jariri ko a haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. A ajiye moɗa ɗaya mai dogon hannu, ko a sa wa duron famfo, don kada hannun yara ya riƙa shiga ciki.

Maigida, ba sai ka gina tanki irin na Bamuda ba. Kafin damina ta kankama, ka sa a hau a share kwano, a gyara indararo, a sayi duro mai murfi ko da ɗaya ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana lafiya.