Ranar da na sayi mako ɗaya

Ni mutumin ƙasar Maraɗi ne. Na yi shekaru masu yawa a Marsai, wani babban birni na bakin teku a kudancin Faransa, ina tuƙin kamyo. Yau ina so in ba ku labarin wani ciniki da ban taɓa ganin irinsa a kasuwanninmu ba. Mun san sayen hatsi, mun san sayen bisa, mun san sayen gona. To, ni mako na saya. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

A Faransa ma'aikaci yana da hutu kowace shekara, kuma albashinsa yana tafiya. Tun 1936 doka ta ba shi mako 2. Daga 1982 aka mai da shi mako 5. In watan bakwai da watan takwas suka kama, sai mutane su kwashi iyalinsu su nufi bakin teku ko kan duwatsu. Da yawa suna sauka a otel, wato gidan baƙi na biya. Ka kwana, ka biya, ka kama gabanka.

Cikin shekarun 1960 wasu ƴan kasuwa suka fito da wata dabara. A ƙasar Suwis wani kamfani mai suna Hapimag ya fara a 1963, a duwatsun Alpa na Faransa ma aka yi. Ga yadda abin yake. Shekara tana da mako 52. Sai a gina babban gida mai ɗakuna da yawa a wurin hutu. Kowane ɗaki a sayar da shi ga mutum kusan 50, kowa da makonsa. In makonka ya zo, ɗakin naka ne. In ya wuce, ka ba wani wuri. Ni ina kiransa ɗakin karɓa-karɓa.

A shekarar 2012 ina da shekara 45. Na ɗauki mai ɗakina da yara muka je hutu bakin teku a ƙasar Ispaniya. Wata rana wani saurayi ya tare mu a hanya, ya ba mu wata ƴar takarda, ya ce mun ci kyauta. Ya ce mu zo mu karɓa, har da abinci. Muka bi shi. Aka zaunar da mu, aka kawo abin sanyi. Aka zagaya da mu cikin wani gida mai kyaun gaske. In ka buɗe taga, ga teku nan shimfiɗe.

Sai wani mai zaƙin baki ya zauna gabana. Ya ce: «Mushe, kuɗin da kake ba otel kowace shekara, ina suke? Sun tafi. Amma in ka sayi mako ɗaya a nan, ya zama naka, har ƴaƴanka su gada.» Maganar gado ita ta shige ni. Baƙo a ƙasar mutane kullum yana son ya ce ga wani abu nasa. Mutumin ya yi awa 3 yana magana. Ya ce wannan farashi na yau ne kaɗai, gobe ya tashi. Mai ɗakina ta taɓa ni, ta ce a hankali: «Maigida, mu je mu kwana da maganar.» Ban saurare ta ba. Na ji kunya in tashi bayan na ci abincinsu. Na sa hannu.

Da muka koma Marsai, na ba wani Bafaranshe abokin aikina labari, ina fara'a. Ya dube ni, ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa ya sayi irin wannan mako a kan duwatsu tun yana yaro. Da tsohon ya rasu, makon ya faɗo kansa. Makon kuma ya faɗa lokacin da ba kowa ke son zuwa wurin ba. Ya yi shekara 7 bai taka can ba, amma kowace shekara takardar biya tana iske shi har gida. Ya sa makon a kasuwa, ba mai taya. Ya ce ko kyauta zai ba da, ba mai karɓa. Gadon da aka bar masa ya zama bashi.

Daren nan ban yi barci ba. Da asuba na ɗauko takardun, shafi ya fi 20, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero. Faransancina na hanya ne, ba na takarda ba. Na kira ɗiyata ta fari, wadda ke babbar lakwal. Na ce ta karanta mini sannu sannu. Ni kuma na ɗauko littafina da alƙalami. Karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci na ƙauyenmu na koye su, ina saurayi, da fitilar ƙwai. Duk inda ta faɗi kuɗi, sai in rubuta da Hausa.

Ga abin da na rubuta. Ku tuna yuro 1, kuɗin Turai, ya kai tamma 656 na sefa.

Kuɗin sayen makon: yuro 10.000. Wato miliyan 6 da jikka 560.

Kuɗin kula da gida na kowace shekara: yuro 500. Wato jikka 328. Da su ake biyan mai shara, mai gadi, ruwa, wuta da gyara. Ko ka je, ko ba ka je ba, sai ka biya. Mai zaƙin bakin nan ya ambace su, amma da sauri, kamar mai tsallake kwata.

Kuɗin otel da muka biya a makon da muka yi: yuro 800. Wato kusan jikka 525.

Sai na yi ɗebewa. 800 a ɗebe 500, saura 300. Ashe abin da makon zai rage mini a shekara yuro 300 ne kaɗai. Na raba 10.000 da 300, na samu 33 da ɗoriya. Sai na yi shekara 33 ina zuwa wuri ɗaya, ɗaki ɗaya, mako ɗaya, ba fashi, kafin in mai da kuɗina. Lokacin ina da shekara 78, in da rai.

Na sake lissafi a kan shekara 20. Ɗakin karɓa-karɓa: 10.000 na saye, da 500 sau 20, wato wasu 10.000. Jimla 20.000. Otel: 800 sau 20, jimla 16.000. Otel ya fi sauƙi da 4.000.

Sai ɗiyata ta ce: «Baba, ai ba kowace shekara muke zuwa teku ba. Shekara guda muna zuwa gida.» Gaskiyarta. In na huta a Turai bana, baɗi Maraɗi nake zuwa in ga tsofaffi. Ke nan cikin shekara 20 sau 10 kaɗai zan kwana a ɗakin. A otel, zuwa 10 yuro 8.000 ne. A ɗakin karɓa-karɓa kuɗin suna nan 20.000, ba ragi. Kowane mako da na kwana a ciki ya tsaya mini 2.000, abin da otel ke ba ni a 800.

Ban ma sa kuɗin ruwa ba, don da bashin banki zan saya. Kuma takardar ta ce kuɗin kula da gida suna iya ƙaruwa, kuma in babban gyara ya taso, kamar rufi, za a raba wa masu mako su biya. Wani zai ce ai otel ma yana ƙara kuɗi. Haka ne. Amma in otel ya yi tsada, sai in nemi wani, ko in zauna gida. Shekarar da ba lafiya, ko ba aiki, otel ba ya aiko mini da takarda.

Allah ya taimake ni, akwai doka. A 2008 ƙasashen Tarayyar Turai suka tsai da cewa wanda ya sa hannu a irin wannan ciniki yana da kwana 14 na janyewa. Ba sai ya faɗi dalili ba, ba kuma tara. Dokar ta hana mai sayarwa karɓar kafin alƙalami cikin kwanakin nan. Ɗiyata ta gano wannan a shafin ƙarshe. Muka ƙidaya, kwana 9 sun wuce. A ranar muka cika takardar janyewa. Na kai gidan waya da kaina, na aika ta irin wadda sai an sa hannu a karɓa, na adana shaidar. Suka yi ta kirana a waya, suna cewa za su rage mini. Na ce na gode.

Abokina bai samu irin wannan sa'a ba. A Faransa, bisa dokar 1986, mai mako ba shi ne mai ɗakin ba. Hannun jari yake da shi cikin kamfanin da ya mallaki gidan, kuma fita daga ciki tana da wuya. A 2014 aka yi doka da ta ba magaji damar fita cikin shekara 2 bayan gadon ya zo hannunsa. Shi nasa lokacin ya riga ya wuce, sai ta hanyar shari'a.

Ban ce kowa ya saya ya yi asara ba. Akwai mai iyali da yawa, wanda ke zuwa wuri ɗaya kowace shekara, kuma ya sayi makonsa da araha daga hannun wanda ya gaji da shi. Wannan lissafinsa yana iya fita. Nawa bai fita ba.

Tun ina yaro nake jin tsofaffi suna cewa sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi. Mai doki sai ya nemi dawa da harawa rani da damana, ko ya hau ko bai hau ba. Wanda ke hawa sau ɗaya a shekara, ran salla, gara ya yi haya. Na san wannan magana sarai, amma da aka sa mata tufafin Turawa ban gane ta ba.

Ƴan'uwa, ɗakin bakin teku ba zai zo ƙauyenmu ba. Amma takardar sa hannu tana zuwa, ta bashin taki, ta injin ban ruwa, ta babur. In ta zo, ku yi tambaya uku. Nawa zan biya yau? Nawa zan riƙa biya kowace shekara? In na gaji, ta wace ƙofa zan fita? Ku rubuta amsar a littafinku, ku tara, ku ɗebe. Wanda ya ce sai yau, gobe babu, ku ce masa za ku kwana da maganar. Da na ji ta mai ɗakina tun farko, da ban rasa barcin dare guda ba. Har yau in ta tuna sai ta yi mini dariya.

Allah shi ba mu damana mai albarka. Wasalam.