Yatsu Uku da Ganyen Tazargade

Likitan gargajiya a ƙasar Sin ba ya gaggawar tambayar inda ke ciwo. Yakan fara da duba fuskar majiyyaci da launin harshensa, ya saurari muryarsa da numfashinsa, ya tambaye shi barcinsa da cimarsa da abin da ke ci masa rai, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa yana bin bugun jininsa. Wannan natsuwar ce ta fara jan hankalina ga likitancin Sinawa, domin tana nuna cewa mutum sukutum ake son a gane kafin a ba cutarsa suna.

Tushen wannan fahimta yana cikin Huangdi Neijing, littafin da aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka shige. A wurin marubutansa, lafiya daidaito ce tsakanin abubuwa biyu masu kishiyantar juna kuma masu buƙatar juna: yin, wanda ya ƙunshi sanyi da duhu da hutu, da yang, wanda ya ƙunshi zafi da haske da motsi. Akwai kuma wani ƙarfin rai da suke kira chi, mai zagaya jiki ta wasu hanyoyi. In ya toshe ko ya yi rauni sai cuta ta samu ƙofa, shi ya sa suke soka siraran allurai a wurare na musamman don buɗe masa hanya. Sun danganta gaɓoɓi biyar da abubuwa biyar: hanta da itace, zuciya da wuta, saifa da ƙasa, huhu da ƙarfe, ƙoda da ruwa. Kowace gaɓa da halinta: fushi na taɓa hanta, baƙin ciki huhu, tsoro kuwa ƙoda. Saboda haka mutum biyu za su zo da ciwon kai iri ɗaya, su koma gida da magani dabam-dabam.

Ban yarda cewa tsoro a ƙoda yake kwana ba, kuma wuƙar likitan tiyata ba ta taɓa cin karo da hanyoyin chi ba. Amma ina ganin gaskiya a ƙarƙashin wannan zane: wanda bashi ya hana shi barci, ko wadda takaba ta hana ta cin abinci, ba ƙwaya kaɗai suke buƙata ba. Likitan da ya tambayi rayuwar majiyyaci zai ji abin da gwajin jini ba zai faɗa masa ba.

Sai dai tsufan ilimi ba hujjar ingancinsa ba ne. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun sami lalacewar ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba da wani tsiron Sin mai guba ya shiga cikinsa. Itace ma yana kisa, ko da sunansa na cikin littafin kakanni.

Wadda ta nuna mini yadda ake girmama gado ita ce Tu Youyou. A 1969 aka ɗora mata jagorancin wata tawaga a shirin sirri da gwamnatin Sin ta kafa a 1967 don neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Tsiron da Sinawa ke kira cinghao, mu kuma muke kira tazargade, ya riƙa ba da sakamako mai hawa da sauka, har ta koma ga rubutun Ge Hong, masanin ƙarni na 4, wanda ya ba da shawarar jiƙa ganyen a matse ruwansa. Nan ta gane cewa tafasawa ce ke kashe ƙarfinsa. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki a jikin ɓeraye, daga baya ta gwada shi a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Sinadarin atemisinin da ya fito daga nan shi ne ginshiƙin maganin maleriyar da ake ba 'ya'yanmu a kowace damina, kuma a kansa ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Abin lura shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙon tazargade a madadin wannan magani ba, domin ƙarfin ganyen ba ya da ma'auni, kuma maganin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cuta jurewa. Tsohon littafi ya nuna ƙofa, gwaji ne ya buɗe ta.

Abu biyu nake fata ga duk mai riƙe da lafiyar mutane, ko a Beijin yake ko a Birnin Kudu: haƙurin tambayar majiyyaci yadda yake rayuwa, da tawali'un miƙa kowane magani ga gwaji, komai daɗewarsa a hannun magabata. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, majiyyacinsa ne zai biya kuɗin sakacin, wani lokacin da ransa.